Na sayi sabuwar waya, dubu 35 ta rage mini: me zan fara saya mata?

Maman Yusra: Assalamu alaikum 'yan zaure, barkanmu da yamma. Shawara nake nema. Allah ya nufa na canza waya, tsohuwar ta gaji. Kun san kuma da ita nake sana'ata: ɗaukar hoton atamfa da leshi, amsa wa masu saye, duba ko kuɗi ya shigo. Da na buɗe kwalin sai na tarar da igiyar caji kaɗai, babu kan caja, babu iyafis. Mai shagon ya zube mini kaya a gabana, ga rigar waya, ga gilashi, ga fawa banki, ga iyafis na Bluetooth, ga fitilar nan mai zobe ta ɗaukar hoto, har da agogo. Na ce masa sai na yi shawara. Abin da ya rage a hannuna dubu 35 ne. Don Allah me zan fara da shi, me kuma zan bari?

Anti Rabi: Wa alaikumussalam. Masha Allah, Allah ya sanya alheri, ya tsare miki ita. Riga da gilashi dai kafin komai. Kada ki ƙara fita da ita haka nan.

Khalifa: Allah ya sa albarka Anti. Ni dai fawa banki zan ce. A halin da ake ciki na wuta, waya komai tsadarta idan ta mutu ai ba ta da amfani.

Baffa Alhaji: Allah ya sa alheri, 'yata. Amma ni abin da ya ɗaure mini kai shi ne a sayar wa mutum waya babu caja. Ba mai shagon ne ya cire ba kuwa? Ki koma ki tambaya.

Sabo Mai Gyara: Wa alaikumussalam. Baffa ranku ya daɗe, ba lalle ne mai shago ya cire ba. Tun 2020 kamfanin Apple ya daina sa kan caja a kwali, daga iPhone 12. Samsung ya bi sahu a 2021 da Galaxy S21, daga baya abin ya sauko har kan wasu ƙananan wayoyinsa. Su Tecno da Infinix da itel galibi har yanzu suna sakawa. Hanyar ganewa mai sauƙi ce: idan kwalin siriri ne kuma babu gurbin da cajar za ta zauna, to haka ya zo daga kamfani. Sau da yawa ma akan rubuta abin da ke ciki a jikin kwalin.

Hajiya, ki gaya mini abu biyu. Nawa ne ƙarfin batirin, kuma igiyar da ta zo da ita, bakinta biyu iri ɗaya ne ko ɗaya babba ɗaya ƙarami?

Maman Yusra: Batirin an rubuta 5000mAh. Igiyar kuma duka bakunan ƙanana ne, iri ɗaya. Shi ya sa ma ta ƙi shiga tsohon kan cajata. Yanzu haka da wata igiya da na ara a wajen maƙwabciyata nake caji, kuma yana daɗewa ƙwarai.

Sabo Mai Gyara: To kin ga an zo wajen. Wannan USB-C ce ta kowane ɓangare. Ina girmama maganar Anti Rabi, riga da gilashi dole ne, amma ni a wurina kan caja shi ne na farko, kuma a kansa nake so ki kashe kaso mafi tsoka na kuɗin nan. Dalilina: a teburina a kasuwar waya ta Farm Centre a Kano, wayar da ta faɗi ta fashe, fuska kawai nake canzawa, mai ita ya tafi da kayarsa. Wayar da mugun caja ya ƙona wa hanyar caji a allon injinta na ciki kuwa, wani lokacin aikin ya fi ƙarfin gyara, hotuna da lambobin mutane duk su tafi.

Caja mai kyau aikinsa ya karɓi wutar gida mai ƙarfin bolt 230, ya sauke ta zuwa bolt 5 ko 9 da waya ke buƙata, ya kuma tsaya tsakanin wayar da duk wani hawa da saukar wuta. Ki duba jikinsa, za ki ga an rubuta 100-240V, ma'ana ko wutar ta zo da rauni zai iya aiki. Na jabu shi ma yana rubuta hakan, amma idan na fasa shi sai in tarar kayan kariyar da ya kamata su kasance a ciki babu su. Wasu ma guntun ƙarfe ake mannawa a ciki don ya yi nauyi a hannu, saboda an gane mutane suna auna caja da nauyi.

Alamar da kowa zai iya gani: ki jona wayar, ki gwada rubuta saƙo. Idan fuskar ta fara tsalle, kina taɓa nan tana buɗe can, ki zare shi nan take. Haka idan kan cajar yana yin zafin da ba za ki iya riƙe shi ba, ko yana wani siririn kuka.

Khalifa: Oga Sabo, to ai gara ta sayi mai wat 65 ko 100 gaba ɗaya, ya cika mata cikin minti kaɗan.

Sabo Mai Gyara: A'a Khalifa. Waya ba ta jan fiye da abin da aka gina ta a kai. Idan iyakarta wat 25 ce, ko ka jona mata na 100, 25 ɗin za ta ɗauka, ragowar kuɗin ka ba mai shago ne kawai. Ba zai cutar da ita ba idan mai kyau ne, amma ba zai ƙara sauri ba. Sannan akwai maganar yare. Caji mai sauri sai waya da caja sun fahimci juna. Akwai tsarin da ake kira PD wanda wayoyi da yawa suke ganewa, wayoyin Samsung masu wat 25 kuma suna son wanda ke da ƙarin tsarin da ake kira PPS a kai. Wasu kamfanonin suna da nasu tsarin na gida, wanda sai da cajarsu da igiyarsu kake samun cikakken saurin. Saboda haka Hajiya, ki duba wat nawa aka rubuta wa wayarki, ki nemi na kamfaninta, ko na wani sanannen kamfani da ya dace da ita.

Baffa Alhaji: To Malam Sabo, yaya mutum zai bambance? Ni duk wanda na ɗauka sai a ce mini orijina ne. Kwalin iri ɗaya, sunan iri ɗaya.

Sabo Mai Gyara: Gaskiya ne Baffa, masu jabu sun ƙware a kwali. Abin da nake gaya wa mutane shi ne a saya a shagon da yake da mazauni, wanda zai ba da rasit ya kuma yarda a dawo masa da kaya. A gwada a gabansa, a ga wayar ta nuna alamar caji mai sauri. Wasu kamfanonin suna sa wani wuri a kwali da ake kankarewa, lamba ta fito, a duba ta a shafinsu na intanet. Idan kuma aka ce maka ga na kamfani a kashi ɗaya cikin uku na kuɗin da kowa ke sayarwa, ba sai an kankare komai ba.

Anti Rabi: Ni fa ban yarda a mayar da riga baya ba. Ƙanwata ranar da ta sayi tata, tana fitowa daga adaidaita ta suɓuce ta faɗi a kan kwalta ta kusurwa. Kuɗin canza fuskar ya kusa kai kashi ɗaya cikin uku na kuɗin wayar, kuma wadda aka sa mata ba ta kai ta asalin haske ba. Caja za ta iya lallaɓawa da na aro zuwa wani mako. Faɗuwa kuwa ba ta jiran mako.

Sabo Mai Gyara: Ba mu saɓa ba Anti. Riga da gilashi ba su da tsada, kuɗinta zai ɗauke su tare da cajar a rana ɗaya. Abin da nake gudu shi ne ta sayi riga mai ƙyalli da duwatsu da tsada, sannan ta cike da cajan bakin titi.

Malama Hauwa: Assalamu alaikum. Na biyo bayan zancen, bari in sa baki a maganar riga, don akwai abin da ba a cika lura da shi ba, wato zafi. Batirin waya na lithium ne, kuma babu abin da ke tsufar da shi da wuri kamar zafi. Kamfanin Apple da kansa ya rubuta cewa an yi wayoyinsa su yi aiki tsakanin digiri 0 zuwa 35 ne. Mu kuwa a Kano, watan Afrilu da Mayu digiri 40 ba baƙon abu ba ne. To ki ɗauki waya, ki sa ta a riga mai kaurin gaske irin ta roba biyu, ki jona caji mai sauri, kina kuma kallon bidiyo. Zafin da ya kamata ya fita ta bayanta ya rasa hanya. Shekara ɗaya sai ki ji ana cewa batiri ba ya riƙe caji, ko bayan wayar ya fara ɗagowa saboda batirin ya kumbura.

Ni abin da nake amfani da shi riga ce mai laushi, ba mai kauri ba, amma kusurwoyinta huɗu suna da ɗan tudu, bakinta kuma ya ɗan ɗara fuskar wayar da idon kyamara tsayi. Ki kifa wayar a kan tebur, idan gilashin bai taɓa teburin ba, to ta yi. Lokacin bazara kuma idan zan yi caji sai in cire rigar, in ajiye wayar a kan tayil, ba a kan katifa ko ƙarƙashin matashi ba.

Maman Yusra: Malama na gode. Wallahi ƙarƙashin matashi nake sawa saboda yara.

Malama Hauwa: Ki nemi wani wuri mai tsayi da hannunsu ba ya kaiwa, kamar saman durowa. Ƙarƙashin matashi hatsari ne ga wayar, hatsari ne ga mai barcin.

Auwalu Ɗan Sahu: Salam. Ni tambayata a kan gilashi ce. An ce sababbin wayoyi gilashinsu ba ya karcewa, har ana gwadawa da makulli. To me ye amfanin ƙara wani a kai? Ni gani nake yana rage santsin taɓawa ne kawai.

Malama Hauwa: Malam Auwalu, makulli ba shi ne abin tsoro ba, yashi ne. Ƙarfen makulli bai kai gilashin waya tauri ba, shi ya sa ba ya yi masa komai. Ƙwayar yashi kuwa ta fi gilashi tauri. A ma'aunin taurin duwatsu yashi yana kan 7, gilashi yana ƙasa da haka. Lokacin hunturu ka zura hannu a aljihunka ka ji abin da ke ciki. Wannan ƙurar da kake gogewa da gefen riga ita ke barin siraran layukan da kake gani idan rana ta haska fuskar. Gara su sauka a kan gilashin da za ka ɓare ka canza da kuɗi kaɗan.

Sabo Mai Gyara: Haka ne. Ƙari a kai: waɗannan 9D, 21D, har 100D da ake rubutawa a fakiti, talla ce, ba wani ma'auni ba ne. Abin dubawa shi ne gilashin ya zama na ainihin samfurin wayar, ya rufe har baki, gam ɗinsa ya kama ko'ina ba gefe kaɗai ba. Idan wayar tana karanta zanen yatsa ta cikin fuska, a gwada kafin a bar shagon, kuma a sake yi wa yatsan rajista bayan an manna. Mai duhun nan da ke hana na kusa da kai leƙe, yana da amfani ga mai buɗe manhajar banki a cikin mota, amma yana rage haske, sai ka ƙara hasken fuska, batiri ya riƙa saurin sauka. Ga mai sayar da atamfa ban ba da shawararsa ba, don zai canza mata yadda take ganin launi.

Maman Yusra: Lalle kuwa. Launi shi ne rabin cinikina.

Khalifa: To a dawo kan fawa banki don Allah. Ni akwai wanda na gani an rubuta 50000mAh, ɗan ƙarami da shi, har da sola a bayansa, kuma kuɗinsa bai kai na 10000 na manyan kamfanoni ba. Wannan ai zai cika wayar Anti sau 10.

Malama Hauwa: Khalifa, zo mu yi lissafi. Batirin da ke cikin fawa banki yana kan bolt 3.7 ne. Mai 10000mAh ke nan yana ɗauke da wuta 37Wh, Wh ɗin nan shi ne ma'aunin yawan wutar da ke cikin batiri. Batirin wayar Maman Yusra mai 5000mAh yana cin wajen 19Wh. A takarda sai ka ce sau biyu saura kaɗan. Amma wutar sai an ɗaga ta zuwa bolt 5 ko fiye kafin ta bi igiya, wayar kuma ta sake sauke ta, kuma a kowane mataki wani kaso yana tafiya a zafi. Abin da ke isa batirin bai fi ya cika ta sau ɗaya da rabi ba. Mai 20000 na gaske zai yi mata wajen sau uku. Kamfanonin kirki ma ba sa ɓoyewa, idan ka juya bayansa za ka ga wata lamba ta biyu cikin ƙananan rubutu, kamar 6000 ko 6500 a jikin mai 10000. Wannan ce ta fi kusa da abin da za ka samu.

Sai nauyi. Mai 20000 na gaske yana kai wajen giram 400, za ka ji shi a aljihu. Mai 50000 kuwa ya kai kilo guda ko kusa da haka. Idan ka ga an rubuta 50000 a jikin abin da bai fi wayarka nauyi ba, ƙarya aka rubuta.

Solar da ke bayansa kuma, ɗan faifan nan da bai fi tafin hannu ba, abin da yake bayarwa bai wuce wat 1 ko ƙasa ba. Don ya tara 37Wh sai ya sha rana mai ƙarfi ta sa'o'i kusan 40, wato kwanaki da yawa. Kuma kana shanya batirin lithium ne a tsakiyar rana, abin da muka gama cewa yana kashe shi.

Khalifa: Kai, Malama. To ashe 20000 na gaske ya fi 50000 na baki.

Isuhu Maraɗi: Salamu alaikum 'yan uwa, ina gaisuwa daga Maraɗi. Abin da Malama ta faɗi game da sola gaskiya ne. Mu nan a ƙauyuka inda wuta ba ta kai ba, faifan sola ake saye dabam, mai wat 10 ko 20, a ɗora shi bisa rufi, a ja igiya zuwa cikin ɗaki, salula da batirin suna inuwa. Wannan yana aiki ƙwarai. Kuma ina jan hankalin masu zuwa sayayya daga nan zuwa Kano ko daga can zuwa nan: bakin soket ɗinmu ba ɗaya ba ne. Namu mai ƙafa biyu zagayayyu ne irin na Faransa, naku mai ƙafa uku masu faɗi irin na Ingila. Ana tura mai ƙafa biyu cikin naku da tsinke, amma ba ya zama daram, yana motsi yana tartsatsi.

Sabo Mai Gyara: Malam Isuhu ka taɓo babban abu. Wannan motsin yana ɗauke caji yana dawowa, yana ɗaukewa yana dawowa. Hajiya, ki nemi mai ƙafa uku. Kuma ga masu caji da janareta: a bari injin ya tashi ya daidaita kafin a jona waya, a kuma zare ta kafin a kashe shi. Haka idan an kawo wuta, a ɗan dakata. Wani amfanin fawa banki da ba a faɗa ke nan, ka ba da shi a shagon caji ko ka jona shi a inji, shi ya sha wahalar, kai kuma ka ɗura wa wayarka daga gare shi. Ba ka kuma bar wayarka da sirrinka a hannun wani ba.

Baffa Alhaji: Ni da nake shirin Umara in Allah ya yarda, an ce mini ba a shiga jirgi da fawa banki. Gaskiya ne?

Malama Hauwa: Baffa, ana shiga, amma a jakar hannu, ba a cikin akwatin da za a auna a kai ƙarƙashin jirgi ba. Ƙa'idar da aka fi bi ita ce kada ya wuce 100Wh, wato wajen 27000mAh. Mai 20000 yana ƙasa da haka. Ku tabbata rubutun ƙarfinsa bai goge ba, don shi ma'aikata ke dubawa. Wasu kamfanonin jirage kuma sun hana a yi caji da shi a cikin jirgin, sai ku tambayi wakilinku. Soket ɗin Saudiyya mai ƙafa uku ne irin namu, cajarku za ta shiga.

Baffa Alhaji: Allah ya yi miki albarka.

Maman Yusra: To ni yanzu a unguwarmu wuta takan zo da dare mafi yawan lokaci, kuma a gida nake wuni. Batirin yana kai mini yamma. Dole ne in sayi fawa bankin yanzu?

Anti Rabi: Idan haka ne ki bar shi zuwa wani watan. Gara ki tara ki sayi na kirki.

Khalifa: Ni dai har yanzu ina ganin ya fi iyafis da fitila muhimmanci.

Sabo Mai Gyara: Ya fi su, amma bai fi caja ba, don shi kansa sai da caja mai kyau zai cika. Mai 20000 a kan tsohon kan caja mai wat 5 sai ya haura sa'o'i 15 bai cika ba, wutar kuma ba za ta jira shi ba. Idan za ki saya daga baya, ki duba wanda yake karɓar caji ta USB-C da sauri, ba wanda yake bayarwa kawai ba.

Hajiya Ladidi: Sannunku da hira. Maman Yusra, ni 'yar uwar sana'arki ce, turaren wuta da humra nake sayarwa. Fitilar zoben nan kada ki saya yanzu. Atamfa ba abin da ke fito da launinta kamar hasken safe. Ki shimfiɗa ta a inuwar tsakar gida wajen ƙarfe 8 zuwa 10, ki goge idon kyamarar da ƙyalle mai laushi kafin ki ɗauka. Fitilar takan sa shuɗi ya koma wani iri, mai saye ta karɓi kaya ta ce ba shi ta gani ba. Abin da ya amfane ni shi ne ƙaramar ƙafar nan mai uku da ake ɗora waya, saboda in ina buɗe zani a bidiyo hannuwana biyu nake buƙata. Ita kuma ba ta da tsada.

Sabo Mai Gyara: Tunda an zo kan kyamara, ɗan gilashin da ake mannawa a kan idonta ban cika son sa ba. Mai arha yana sa hoto ya yi hazo, da dare kuma hasken filasha yana dawowa cikinsa. Riga mai tudu a kewayen kyamara ta wadatar.

Anti Rabi: Ni ina sawa, kuma ban ga ya ɓata mini hoto ba.

Sabo Mai Gyara: Akwai masu kyau Anti. Ki gwada ɗauka da filasha a ɗaki mai duhu, da shi da kuma babu shi, sai ki gani ko naki yana cikinsu.

Auwalu Ɗan Sahu: Iyafis fa? Ni duk wuni ina jin rediyo a kan hanya.

Sabo Mai Gyara: Idan rediyon FM na cikin waya kake nufi, yawancin manyan wayoyi sai an jona iyafis mai igiya, don igiyar ce eriyar. Na Bluetooth ba zai yi wannan aikin ba. Kuma a fara duba ko wayar tana da ramin iyafis ma, tun da Apple ya cire shi a iPhone 7 a 2016 wasu kamfanoni da dama suka bi. Idan babu, sai mai bakin USB-C, shi ma a gwada a shago don ba kowanne ke aiki da kowace waya ba. Amma Malam Auwalu, kana tuƙi, kada ka toshe kunne biyu.

Malama Hauwa: Kuma a rage ƙara. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ba da shawarar kada a wuce kashi 60 cikin 100 na ƙarfin sautin. Ina ganin ɗalibai a aji, kana nesa da yaro kana jin abin da yake saurare. Jin da ya lalace ta wannan hanya ba ya dawowa.

Maman Yusra: Ni saƙon murya ne kawai nake saurare, masu saye sun fi son sa. Mai igiya ya ishe ni, kuma na duba, akwai ramin. Memori fa? Hotuna suna cika mini waya.

Sabo Mai Gyara: Nan ma jabu ya yi yawa, kuma nasa ya fi ciwo. Ana ɗaukar kati mai 8GB a sauya masa bayani ya riƙa nuna 128GB. Waya za ta karɓa, za ki yi ta zuba hotuna, sai ranar da kika je buɗe na baya ki tarar sun lalace, saboda sababbi suna hawa kan tsofaffi. Na gaske mai 64GB yakan nuna wajen 59 a waya, wannan ba matsala ba ce, bambancin lissafi ne. Gwajinsa shi ne a cika shi da manyan bidiyo har ya kusa ƙarewa, sannan a buɗe na farko da na ƙarshe. Amma idan wayarki 128GB ce, ba ki buƙatarsa yanzu. Ki shiga WhatsApp ki hana shi sauke duk hoto da bidiyon da aka turo zaure, za ki ga wuri ya samu.

Auwalu Ɗan Sahu: Bari in ƙara wani abu da ba a sayarwa a shago. Hajiya, kwalin nan da rasit ki adana su. Ki danna *#06#, lambar IMEI, wato lambar shaidar wayar, za ta fito, ki rubuta a takarda ki ajiye a gida. Ki sa makulli a fuska, ki sa PIN a layinki. Mu da muke kan titi muna ganin yadda ƙwacen waya yake. Kuma igiyar nan ta ratayawa a wuya ko a hannu, ni ban yarda da ita ba, idan aka fizga har da mutum ake ja. A cikin adaidaita ki riƙe wayar ta ɓangaren ciki, ba ta bakin ƙofa ba.

Hajiya Ladidi: Allah ya tsare mu. PIN ɗin layi na da muhimmanci ƙwarai, da layin ake shiga asusun mutum.

Isuhu Maraɗi: Amin. Malam Sabo, tambaya ta ƙarshe daga gare ni. Ƙanena ɗan kabu-kabu ne, yana so ya sayi abin da ake ɗaure salula da shi a kan babur. Akwai illa?

Sabo Mai Gyara: Akwai abu biyu. Na ɗaya rana, wayar tana shan ta kai tsaye tana kuma aiki. Na biyu girgiza. Wayoyin da kyamararsu ke da na'urar hana rawar hoto, akwai 'yan ƙananan sassa masu motsi a ciki, kuma Apple ya taɓa fitar da gargaɗi a 2021 cewa girgizar injin babur tana iya lalata su. Idan ƙaramar waya ce marar wannan na'urar, matsalar ba ta kai haka ba. Ya nemi mai roba a gindinsa da ke shanye girgiza, in ya tsaya jiran fasinja kuma ya cire ta ya sa a aljihu.

Maman Yusra: Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri. Malam Sabo, igiyar da ta zo a kwalin gajeriya ce, soket ɗina kuma yana nesa da durowar da Malama ta ce. In sayi doguwa?

Sabo Mai Gyara: Ki riƙe ta kwalin, ita ce daidai da wayar. Doguwar igiya mai arha siraran wayoyi ne a cikinta, wuta tana raguwa kafin ta isa, cajin ya yi ta ja. Gara ki sayi soket mai tsawo mai kyau ki kawo shi kusa da durowar. Idan kuma dole sai doguwa, ki nemi mai kauri wadda aka rubuta 3A ko 60W a fakitinta, kada ta wuce mita 2.